Cutar da Ke Ɓuya Cikin Irin Wake



Yau za mu yi magana a kan waken da ganyensa ke yin dabbare-dabbare, wani wuri kore shar, wani wuri rawaya-rawaya, ya yamutse, shukar ta tsumbure, 'ya'ya kaɗan. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan ƙasa ko rashin taki. Amma wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, kuma tana iya kwana cikin irin da muka ajiye.

Irin yakan yi kyau a ido. Shanya a rana ko zuba toka maganin ƙwari ne, ba ya taɓa wannan cuta. In 'yan ƙwayoyi masu cutar suka tsiro, darɓa takan tsotsi ruwansu ta kai wa masu lafiya nan take, tun kafin feshi ya kashe ta. Shukar da ta kamu ba ta warkewa.

To, me za mu yi?

1. Mu zaɓi iri tun a gona. Mu ɗaura ƙyalle a jikin shuka mai lafiya, mu tsinke nata daban.
2. A makonnin farko, mu tuge duk wadda ta nuna alama, mu binne ta.
3. Kada mu shuka waken awo na kasuwa.
4. Mu tambayi malamin gona ingantaccen iri, kamar SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.

Darɓa ba ta san iyakar gona ba, don haka mu gaya wa maƙwabta, mu yi aikin tare.