Likitan da zai zauna da mu
(Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya)

Iyayena dattawan gari, da ƴan uwa da suka komo daga ci-rani, ina gaishe ku. Yaro ne ni a gabanku, in na yi kuskure ku gyara mini.

Bara da damana ƙanwata ta kai ɗanta gidan likita da zazzaɓi. Anfirmiyen baƙo ne, ya san aikinsa, amma ba ya jin Hausa. Ya rubuta takarda da Faransanci, ya yi bayani da hannu. Maganin kwana uku, ta ba yaro cikin wuni ɗaya. Allah ya sa da sauran kwanansa. Ban ga laifinta ba, ban ga nasa ba. Ni ma da Faransanci aka koya mini aikina, sai ranar da na tsaya gaban ɗiyanku na gane abin da aka bari.

Ƙasarmu ba ta rasa makarantun likita ba. Akwai ENSP ta Yamai mai sunan Damure Zika, akwai ta Damagaram, jami'ar Yamai kuwa tun 1974 take koyar da lokotoro. Amma a birni ake karatun, cikin babban asibiti mai lantarki. In an turo yaro ƙauye, tun bai kwance kaya ba yana neman hanyar komawa.

A ganina gyara uku ake bukata. Ɗalibi ya yi damana guda a ƙauye, lokacin zazzaɓin sauro, kafin a ba shi takarda. A jarraba shi bayanin magani cikin harshen masu ciwo. A kuma riƙa ɗaukar ɗiyan ƙauye. Dattawa sun tuna yadda aka fara a ƙasar Maraɗi cikin shekarun 1960: gari ke zaɓen sekuris da ungozoma, a koya musu, su komo da akwatin magani. Karatunsu kaɗan ne, amma ko tsakar dare ka buga ƙofa suna nan.

Biyun farko na gwamnati ne, na uku yana hannunmu. Ba a shiga waɗannan makarantu sai da BEPC aƙalla, mu kuwa muna cire ƴan mata daga lakwal tun ba su kai kwaleji ba. Sa'annan mu ce ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwa ba. To, wa za ta karɓa?

Roƙona, cikin kuɗin da ƴan ci-rani ke zubawa a asusu, a ware na abinci da masaukin ɗiyanmu mata da suka tafi kwaleji. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.