Wutar Sola a Rufin Gida: Lissafin Uwargida Ne

 Yau hirarmu a kan wutar hasken rana ce, wadda aka fi sani da sola.

Duk mai bin titin Yakowa ya gangara Kamazou, a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, zai ga farantai baƙaƙe suna ƙyalli a kan rufin gidaje da shaguna. Masu kemis da masu aski da masu cajin waya sun rungume su, magidanta ma haka. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga watan Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama, janareta ya zama sai mai hali. Sannan a watan Oktoba na 2024 aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da yawa suka fi mako guda cikin duhu. Masu sana'ar firji sun san asarar da suka tafka a kwanakin nan.

To, me ya haɗa matar da ke cikin kulle da abin da ke kan kwano? Ai ke ce mai shi. Maigida ya fita tun safe, bai dawo ba sai magariba. Lokacin da rana take bayar da wuta, ke ce a gida. Saboda haka in za a sa sola, kada ki yi shiru a gama ciniki a zaure.

Kayan nan kashi uku ne manya. Akwai faranti, shi ke karɓar hasken rana ya mai da shi wuta. Akwai batir, shi ne randar da ake tara wutar domin dare. Akwai kuma inbata, mai juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da talabijin suke ci. Faranti mai kyau yakan shekara 20 yana aiki. Batir kuwa shi ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin mutuwa, kuma yawanci a hannunmu yake mutuwa.

Ga yadda abin yake. Kowane kayan wuta yana da cikinsa, ana auna shi da wat, kuma a rubuce yake a jikinsa. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ya ishe shi. Fanka takan ci wajen 60. Ki haɗa ƙwai biyar da fanka biyu da cajin waya, ba ki kai wat 250 ba. Amma dutsen guga shi kaɗai yakan ci 1,000 ko fiye. Haka butar lantarki, haka hita ta dafa ruwa, haka risho na lantarki. Kin ga kenan guga ɗaya da daddare ta isa ta kwashe abin da rana ta wuni tana tarawa. In ana yawan ƙarar da batir ƙaf, ba zai yi ƙarko ba.

Don haka kafin a kira mai haɗawa, ki zauna da maigida, a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta abin da kuke son kunnawa da awa nawa. Da wannan takarda za a yi ciniki. A nemi rasit da takardar garanti. Kada a ruɗu da tsohon batir da aka goge aka ce sabo ne. Araha ba ta ado. In kuɗin bai kai ba, a fara da ƙarama ta fitila da cajin waya, akwai ma kamfanonin da ke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Adashi ma ya isa ya fara.

Ke mai zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, saurara da kyau. Ki kunna firiza daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana take da ƙarfi, wuta na zuwa kai tsaye daga faranti. Da yamma ki kashe, ki rage buɗe-buɗe, sanyin zai kai ki safiya. Keken ɗinki na lantarki da nuƙa a bilenda, duk a yi su da rana. Daga ribar kuma ki riƙa ware wani abu kowane mako, domin ranar sauya batir tana nan tafe. Wadda ta cinye ribar duka, ranar nan jarinta zai tsaya.

Sai kulawa. Lokacin hunturu ƙura takan rufe faranti, wuta ta ragu. A sa babban yaro mai hankali ko maigida ya goge da tsumma mai laushi da ruwa zalla, da sassafe kafin ya yi zafi. A watan Agusta kuwa, da hadari ke wuni, a rage kunne-kunne. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da tukunyar gas, nesa da hannun yara. Ba a zuba masa ruwan rijiya ko na famfo, yana da nasa ruwan da ake sayarwa. In kin ji ƙaurin waya, kashe ki aika a kira mai gyara, kada ki ce za ki taɓa.

'Yar uwa, rana dai kyauta ce, amma randar da ake tara ta da kuɗi aka saya, kuma a ɗakinki take. Yau in maigida ya dawo ya ci tuwo ya huta, sai ki kawo masa maganar lissafin nan.

Allah ya ba mu sa'a a sana'o'inmu, ya tsare mana iyalanmu. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa. A huta lafiya.