Yini Guda a Jirgin Katako: Jawabin Tawagar da Ta Je Zanzibar

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, malamarmu ta ajin yamma, 'yan uwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Mu shida da muka je Zanzibar aka ce mu tashi mu ba da labari. Tunda shekara biyu muna zubin adashen tafiyar nan a gabanku, ba ma dawo mu yi shiru ba. Da hannunmu muka rubuta takardar nan, don haka in karatun ya yi tsaye-tsaye, a yi haƙuri. Kwana biyar muka yi, amma yini guda za mu ɗauko, ranar da muka shiga teku.

Zanzibar tsibirai ne a ƙasar Tanzaniya, kuma ta Adis Ababa muka bi. Harshensu Suwahili ne, amma kunnen Bahaushe ba ya rasa abin kamawa. Asuba su ce asubuhi, labari su ce habari, sabulu su ce sabuni. Sai dai agogonsu daban yake. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, saboda haka bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wajensu. Da direba ya ce zai zo ƙarfe biyu, sai muka miƙa masa biro muka ce ya rubuta da lamba. Ya rubuta 8:00. Malama, kin ga ranar ajinki.

Daga wani ƙauye mai suna Fumba muka tashi. Jirgin na katako ne, da ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku wanda iska ke turawa. Akwai inji a baya, amma da muka yi nisa sai matuƙin ya kashe shi, yaransa suka ja igiya ƙyallen ya buɗe. Nan take wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa na dukan katako. Iska biyu suke aiki da ita a shekara: kaskazi mai tasowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai tasowa daga kudu bayan nan. Da su kakanninsu suka yi fatauci har Oman da Indiya.

Ga abin da muke so ku riƙe. Kafin mu taka jirgin, sai da aka ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta, aka ba kowacce rigar da ke hana nutsewa. Wasu baƙi biyu suka zo a makare da kuɗinsu a hannu. Matuƙin ya ce jirgi ya cika, su jira na baya. Ga gurbin zama muna gani da idonmu, amma bai ɗauke su ba.

Zangon farko wani tudun yashi ne fari fat a tsakiyar teku. Ruwan can sau biyu yake janyewa ya dawo a kwana guda. In ya janye tudun ya bayyana, in ya dawo ya shanye shi kamar ba a taɓa yi ba. Aka kafa mana rumfa, aka fasa kwakwa, aka yanka abarba da mangwaro da kankana. Matuƙin dai idonsa na kan ruwa. Da ya ce a tashi, ba wadda ta ce bari in ƙarasa.

Sai maganar nutso. A cikinmu babu wadda ta iya iyo. Masu goyon tulun iska a baya su nutsa can ƙasa, sai sun yi horo tukuna. Mu tabarau aka ba mu mai rufe ido da hanci, da bututun da za ka riƙe a baki kana numfashi fuskarka na cikin ruwa. Da dogayen rigunanmu da wando muka shiga, kai a rufe, ba wanda ya kalle mu sau biyu, don matan garin ma haka suke shiga. Aka jefa taya mai igiya muka riƙe, wani yaro yana jan mu a hankali.

'Yan uwa, ƙasan ruwan nan kasuwa ce guda. Kifi rawaya, shuɗi, mai zane kamar atamfa, garke-garke suna wucewa ta gaban hancinka ba ruwansu da kai. Abin da muka ɗauka duwatsu ne, ashe masu rai ne, dangin murjani. Ƙananan halittu ne ke gina su a hankali shekara da shekaru, kuma a cikinsu kifi ke samun abinci da mafaka. Shi ya sa aka hana takawa, aka hana ɓallowa. Da can wasu masunta nakiya suke jefawa su kwashi kifi, gidan kifin ya rushe. A 1997 aka mai da yankin, wato Menai, wurin da doka ke karewa. Mai kifi ya san ma'anar wannan: in aka kashe uwa, babu 'ya'ya a kasuwa baɗi.

Da azahar muka sauka a tsibirin Kwale. A nan aka yi cin da ba za mu manta ba. Shinkafa da ruwan kwakwa, gasasshen kifi, manyan jatan lande, da wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza. Biyu daga cikinmu sun ce su dai a bar su da kifi. Miyar tsamiya aka zuba a kai, tsamiyar nan tamu, sai shayi mai kanumfari da citta. Ba su cika yaji ba, amma mun tafi da namu a jaka.

Bayan sallah muka taka cikin tsibirin. Tafiyar ba nisa, amma dutsen wajen kaifi gare shi, silifas ba ya yi. A ƙarshen hanya sai ga kuka, tsohuwa, ta faɗi ƙasa amma ba ta mutu ba, tana ta fitar da rassa, mutane na hawa. Muka ce musu mu ganyenta muke miya da shi, suka yi ta mamaki. Su 'ya'yanta suke dafawa da sukari da ɗan barkono, su rina ja, su ƙulla a leda. Ubuyu suke ce masa. Mun taho da shi, yana kan teburin baya, kowa ta ɗanɗana ta gaya mana ko zai shiga kasuwarmu.

To, ga abin da ya tsaya mana a rai. Cikinmu nan akwai masu zuwa sarin kifi Yawuri da ƙauyukan bakin Neja. Kun san yadda ake loda kwalekwale: mutum, buhu, babur, akuya, har ruwa ya kusa taɓa baki. Ba ƙirga, ba riga. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Warra a 2021 ba, da mata da yara a ciki. Mu shida da ba mu iya iyo ba mun yi kusan awa guda a kan teku mun fito lafiya, saboda riga guda da matuƙin da ya iya cewa ya isa.

Don haka muna roƙon taro abu biyu. Na ɗaya, a cire kuɗi daga asusu a sayi rigunan nan, a ajiye wajen Ma'aji, duk mai tafiya ta sa hannu ta ɗauka. Na biyu, mu yi alkawari a tsakaninmu: jirgin da ya cika, ba ma shiga, ko da kasuwa za ta tashi. Riba tana jira, gobe ma rana ce.

Hajiya Shugaba, mun miƙa maganar gare ki. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya kai mu baɗi lafiya.