Ledar Hannun Maigida

'Yan uwana mata, uwargida da amarya, musamman ku na Bagudo, Illo, Lolo, Tsamiya da Kaoje.

Yau kan tsaraba za mu yi magana. Ke da ke cikin kulle, a hannun maigida duniyar waje ke zuwa miki. In ya ƙetare kasuwar Malanbil ya dawo, kafin ki dubi fuskarsa kin dubi ledar hannunsa. Kada ki musa, duk mun san juna! In turmin atamfa ne, sannu da zuwa har da rangwaɗa. In ya dawo hannu rabbana, ko ruwan sha sai dai yaro ya kai masa.

Ku tuna watan Agusta na 2019, da gwamnati ta rufe iyakoki. Fatauci ya tsaya cik, tsaraba ta ɗauke. A wasu gidajen fara'a ma ta bi ta. Wata kuwa ƙuli-ƙulinta ta ba 'yar talla, ta yi cefane da ribar, ko uwarta ba ta ji ba. Ba wai ranta bai ɓaci ba, ai ita ma mutum ce. Ta dai gane namijin da ke wuni a zaure shiru, kunya ce ke cin sa, ba rowa ba.

Sai kuma hangen tsallake. Ke a Lolo kina cewa 'yar uwarki da aka kai Madekali ta huta, mijinta sefa yake kashewa. Ita ma can tana hangen ki, wai ke kina kusa da gida. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layin nan a 1898, suka raba Borgu: Illo nan, Nikki can. Amma kishi da ɓacin rai ba su taɓa nuna fasfo ba.

Malam maigida, na san kana jin mu ta bayan zana. Atamfa ba ta hira. Wadda ba ta fita, labari take so: ko Kwara ta cika, wa ka gani, nawa albasa.

Ke kuma, in ya shigo yau, ajiye ledar gefe, ki fara tambayar sa hanya. In ya ci tuwo sai ku buɗe tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.