Amon Bes Daga Situdiyo Zuwa Filin Biki

 

Bara da kaka, bayan an gama kai amfanin gona gida, na je biki a wani ƙauye a ƙasar Kibiya. An kafa rumfa a fili, an shimfiɗa tabarmi, janareta na can bayan danga tana ta aiki. Wasu samari huɗu ne ke kiɗa, ɗaya da piyano, ɗaya da ganguna, ɗaya mawaƙi, ɗaya kuma da jitar bes mai tsirkiya huɗu. Da suka ɗauko wata waƙa da kowa ya sani, mata suka miƙe, suka taka sau biyu sau uku, sai suka fara komawa suna zama. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "Waƙar ce dai, amma babu gishiri." Na dubi mai bes, yatsunsa suna tafiya daidai, bai kuskure ko sau ɗaya ba, gumi ya jiƙa masa riga. A gaban ƙafarsa akwai fedal na gyaran sauti har guda biyar, duk fitilunsu a kunne. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron nan ya kashe kuɗi, ya kuma yi atisaye. Shi ya sa da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na zaɓi wannan.

Mu fara da abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Bes ɗin da muke ji a waƙoƙin Hausa na zamani, galibinsa ba jita ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi piyano ƙirar Yamaha PSR, wanda fim ɗin Sangaya ya sa amonsa ya shiga kowane gida, da hannun hagun mai piyano ake buga bes. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin. Saboda haka wanda aka ce ya maimaita waƙar Nura M. Inuwa ko ta Hamisu Breaker a filin biki da jita, an ba shi aikin kwaikwayon na'ura da katako da ƙarfe. Wanda kuma aka roƙa ya yi ta Bob Marley, ko ta marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, wannan wani aikin ne daban. Kafin ka taɓa kowane fedal, zauna ka saurari waƙar har ka tabbatar da abin da ya fitar da amon.

Sannan ka tambayi kanka: da me mutanen da ke wurin bikin suka saba jin waƙar? Da waya. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, mai bi mata kuma sau 55. Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Abin da take fitarwa shi ne 'ya'yan sautin, wato ƙananan amo da ke hawa a kan uwar, waɗanda suka ninka ta sau biyu, sau uku, har sau goma da ƙari. Kunne ne ke jin 'ya'yan, ya ƙarasa uwar da kansa. To, gishirin da dattijuwar nan ta rasa yana cikin waɗannan 'ya'yan. Yaron ya murɗa zurfi har ƙarshe, ya kashe tsakiya, sai ƙirjin wanda ke gaban sifika yana girgiza, amma mai rawa a tsakiyar fili ba ta jin inda za ta ajiye ƙafa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ku tuna ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya, wanda makaɗa ke kira ceba. Me yake yi? Tsirkiya ita kaɗai amonta ba ya nisa, amma idan ceba ta ɗauki girgizar ta yi tsatsa, sai sautin ya ratsa hayaniyar taro ya isa kunnen na baya. Fedal ɗin da ke sa wa bes gurnani wannan aikin yake yi, yana ƙara wa sauti 'ya'ya. Ku tuna naken da ake liƙa wa fatar kotso, yadda yake sauya muryar gangar ya ba ta nauyi. Marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwani da fatar akuya da tsirkiya ɗaya ya cika manyan ɗakunan taro. Mutanen nan sun san cewa a jikin kayan kiɗa da hannu ake fara gyaran amo.

Manyan masu bes na duniya ma haka suke. Leo Fender ya fito da jitarsa ta Precision a 1951 a Amurka, kuma da irinta James Jamerson ya buga yawancin waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Ditiroit. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne, yana barin su su tsufa a jikin jitar, akwai soso a ƙarƙashin murfin gindinsu yana rage musu tsawon numfashi, kuma da yatsa guda yake bugawa. Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley da ya rasu a 2024, yana rage kaifin sautin ne, ya bar kauri da sarari tsakanin bugu da bugu. Idan amonsu kake nema, yanko soson katifa kamar faɗin yatsu biyu, ka cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da gindi, ka mayar da hannun damanka kusa da wuyan jita, ka buga da tsokar yatsa a hankali. Ka yi rabin tafiya ke nan ba ka kashe ko naira ɗari ba.

Yanzu sai fedal. A ganina uku sun isa, ban da fedal na saita tsirkiya, wanda shi wajibi ne. Na farko shi ne kwamfuresa, mai danne bugu mai ƙarfi ya ɗaga mai rauni. Kusan duk bes ɗin da ya fito daga situdiyo ya bi ta cikin irinsa, shi ya sa kake jin sa a shimfiɗe kamar daɓe. Na biyu shi ne mai saukar da murya, wanda ke ƙirƙiro sauti ƙasa da wanda ka buga da rabin kaɗawarsa. Kamfanin Boss ya fito da OC-2 a 1982, kuma har yau shi ake kwaikwayo. Wannan shi ne makamin mai son amon piyano: ka rufe sautin jitar na asali, ka buɗe na ƙasan, ka hau wajen gaɓa ta 12 a wuyan jita, ka buga tsirkiya ɗaya tak, sauran ka danne su da tafin hannu. In biyu suka yi ƙara tare, fedal ɗin zai rikice ya dinga shaƙuwa. Kuma ka yanke kowane bugu da wuri, domin mai piyano da ya ɗage yatsa sauti ya mutu. Na uku shi ne akwatin DI mai ikwalaiza, irin SansAmp, wanda ke kai sautinka ga mikisa a tsabtace, yana kuma da ɗan gurnanin da zai zame maka ceba. A jere su haka: na saiti, kwamfuresa, mai saukar da murya, sannan DI. Wanda aljihunsa bai kai ba, ƙananan akwatunan Zoom sun haɗa duk waɗannan a wuri guda, kuma babu abin kunya a cikinsu.

Sai filin kansa. Zango guda na sautin tsirkiya mai kauri ya kai kusan mita 8 a cikin iska. A ɗaki bango yana dawo maka da shi, a fili kuwa tafiya yake yi ba ya waiwaye. Saboda haka abin da ka saita a ɗakinka da daddare ba zai yi maka aiki a ƙofar gidan amarya ba. A sauke manyan sifiku ƙasa, a jingina su kusa da katanga in akwai, kada a ɗora su a kan tebur. A ikwalaiza, a ɗan ɗaga wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa, a rage wajen 250 inda sauti ke yin taɓo, a ɗaga wajen 800 inda yatsa ke fitowa. Wannan ya fi ƙure ƙara, kuma maƙwabta da tsofaffi da marasa lafiya suna da haƙƙi a kanmu.

Ga wani abu da ya shafi masu hayar kayan sauti kai tsaye. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, janareta ma a nan ake saita ta. Gaɓa ta uku a tsirkiya mai kauri kuwa tana kaɗawa sau 49. Kun ga ke nan gunjin wuta yana zaune ne a tsakar gidan bes, duk lokacin da suka haɗu sai ka ji sautin yana rawa kamar mai jin sanyi. Maganinsa waya mai kyau, da batir mai bolt 9 maimakon adaftar kasuwa mai arha, da maɓallin da ke jikin DI na raba ƙasa. Ina roƙon ku da girman Allah, kada wani ya cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don ya kashe gunji. Tsirkiyar ƙarfe ce a hannun yaro mai gumi, an sha rasa rai ta wannan hanya a ƙasashe da dama. Hunturu ma yana da nasa: ƙura tana shiga maɓallan murɗawa su dinga ƙarce-ƙarce, bushewar iska tana motsa katakon wuyan jita, saiti ya zame. A rufe kaya da zane, a sake saiti kafin a fara da kuma bayan hutun sallah.

Yaron nan na Kibiya, bayan an yi isha'i na same shi, na ce, "Ƙanina, ara mini minti biyar." Muka cire fedal uku muka ajiye a kan benci. Ya miƙa wa abokinsa jitar, ni da shi muka taka har ƙarshen fili inda mata ke zaune, ya kunna waƙar a wayarsa ya kara a kunne, abokin yana bugawa, shi yana nuni da hannu a ɗaga ko a sauke. Sau uku muka je muka dawo. Da suka sake ɗauko waƙar, dattijuwar nan ce ta fara miƙewa, ta gyara ɗaurin zaninta ta shiga fili.

 Ga jita nan da sifika an kawo, wanda yake da tambaya ya matso mu gwada a gaban kowa.