Matar da Mijinta Ke Gidan Kaso: Wa Ya Yanke Mata Hukunci?

Malamai da limamai, masu unguwanni, iyayenmu mata, matasa, jama'ar Guéné da baƙinmu na Malanville da Karimama.

A garin nan idan aka yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi, tukwane sun hau murhu. Gobara ta ci rumbu, a je jaje. Mutum ya kwanta, a je dubiya. Amma ranar da motar 'yan sanda ta tafi da maigida, ba mai yin sallama a gidan. Sai leƙe ta katanga, sai ƙus-ƙus a bakin rijiya. A kan matar da aka bari cikin gidan nan zan yi magana yau.

Su wa ake tafiya da su? Kun fi ni sani. Abincin mutanenmu yana kan hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Paraku da Kandi da Guéné, ta dire gadar Gaya. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, 'yan dako da direbobi da masu albasa suka shiga wani hali, wasu suka koma tsallakar da kaya a kwale-kwale. Akwai wanda fetur ɗin bumburutu ya kai shi, akwai na tiramol, akwai na rikicin manomi da makiyayi, akwai wanda aka kwashe bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Ban zo wanke kowa ba. Mai laifi ya ɗauki laifinsa. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, alƙali bai ce komai ba tukuna. Tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba, 1990, a sashe na 17, ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Mu kuwa tun daren farko mun gama shari'ar, mun haɗa har da matarsa.

Ku dubi abin da take ɗauka. In an tsare mijin a Kandi, da sauƙi: ta daka fura, ta soya ƙuli-ƙuli, ta hau mota ta je ta dawo. In kuwa maganar ta kai kotun CRIET, wadda aka kafa a 2018 don laifukan tattalin arziki da ta'addanci, sau da yawa sai a wuce da shi Akpro-Missérété, kusa da Porto-Novo, fiye da kilomita 700 daga nan. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, masu sunan Mandela, sun nemi a riƙa tsare mutum kusa da gidansu gwargwadon hali. Amma ga mace ba Faransanci, ba kuɗin mota, ga goyo. Ta sayar da akuya, ta sayar da kwanukan ɗaki, ta je ta gan shi na ɗan lokaci, ta dawo.

Ta dawo ta tarar da mu. 'Yan adashi sun ce a tsallake ta, wai ba a san inda kuɗinta ke fitowa ba. Mai shago ya rufe littafin bashi. An yi suna a maƙwabta ba a aiko mata da goro ba. Ɗanta ya dawo daga makarantar allo yana kuka, an kira shi ɗan fursuna. Dangin miji na cewa farar ƙafa gare ta, ko kuma ita ta matsa masa da buƙata har ya faɗa. In ta yi kwalliya a ce tana neman maza, in ta zauna da dauɗa a ce asiri ya tonu. In ta jira shi a ce ba ta da wayo, in ta nemi rabuwa a ce butulu ce. Ku gaya mini, wace ƙofa muka bar mata? Mai takaba ta san kwanakinta, wata huɗu da kwana goma, ta fita. Wannan ba ta san ranar fita ba.

Malamai, ku gafarce ni, wannan fagenku ne. Alƙur'ani ya maimaita, a Suratul An'am da Isra'i da wasu wurare, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya yi shekaru a kurkuku kan ƙazafi. An ɗaure Imam Ahmad bn Hanbal a Bagadaza, an yi masa bulala. Shiga gidan kaso kaɗai bai taɓa zama shaidar mugun hali ba, balle ga wadda ko ƙofarsa ba a kai ta ba.

Mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba ta ɗaure mace a duhu ba. Ta ba ta damar kai ƙara idan rashin ciyarwa ko daɗewar rashin miji ya cutar da ita. Daga nan Masar ta ɗauko dokarta ta 1929, wadda ta ba matar wanda aka yanke wa shekara uku ko fiye damar neman saki bayan shekara ɗaya da ɗaurin. Wadda ta yi haƙuri ta jira tana da lada mai girma, wadda ta ga ba za ta iya ba ta bi hanya, ba ta yi saɓo ba. Zaɓin nata ne, da shawarar waliyyinta. Ba na majalisar masu shayi ba ne.

'Yan'uwana mata da abin ya shafa, na san akwai ku a wurin nan ko da ba ku ɗaga hannu ba. Kada ku kulle kanku a ɗaki. Ku fita kasuwa, ku ci gaba da sana'arku, domin ɓuya ita ke ƙara wa masu magana ƙarfi. Ba dole ba ne ku yi wa kowa bayani. "Yana hannun hukuma, a taya mu da addu'a" ya wadatar. Yara kuwa ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada ku ce Baba ya tafi ci-rani su je su ji a bakin abokan wasa. Ku adana kowace takarda ta kotu, ku nemi mai karatun Faransanci amintacce ya karanta muku. Ku nemi junanku, ku haɗa kuɗin mota, wadda za ta je ta kai saƙon saura.

Dangin miji, ciyar da 'ya'yan ɗan'uwanku bai faɗi ba don an rufe shi. Limamai, ku ɗauki maganar nan a huɗuba, ku sa gidajen nan cikin rabon zakka da fidda-kai. Malaman makaranta, ku tsawata wa yaron da ya goranta wa ɗan'uwansa.

Saura mu. Kowa a nan ya san gida ɗaya irin wannan a unguwarsu. Kafin Juma'a mai zuwa, a je a yi sallama, a yi jaje, a tambaye ta me yara suka ci.