Kuɗin Tsaro Da Ƙofar Makarantarmu



Maganar kuɗi muka zo da ita yau, sai dai ba ta albashi ba ce. Magana ce a kan tallafin da ake warewa domin 'yan sanda da sauran ayyukan kare al'umma, da kuma ko wani abu daga ciki yana isowa ƙofar makarantar da muke wuni a cikinta.

Dalilin damuwarmu ba ɓoyayye ba ne. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga Cibok. Ƙanƙara ta biyo baya a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Kuriga a Maris na 2024. A Kagara har da malamai da iyalansu aka kora daji, domin gidajensu a cikin makarantar suke. Duk wanda ke zaune a gidan malamai ya san nauyin wannan.

Kuɗi kuwa an sha ambatonsu. A watan Mayun 2014 aka ƙaddamar da Shirin Makarantu Masu Aminci a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin irinsu. A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda bisa doka, domin horarwa da kayan aiki da walwalar jami'ai. A ƙarshen 2022 kuma aka fito da tsarin ƙasa na samar da kuɗin tsaron makarantu, na naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026, aka buɗe cibiyar kula da shi a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens.

To, ina gizo ke saƙar? Irin wannan kuɗi takarda yake bi. Makarantar da ba a rubuta halinta ba, a idon mai rabo lafiyarta ƙalau. Mu kuwa mun saba da ƙorafi a gindin bishiya lokacin tara, in an kaɗa ƙararrawa kowa ya koma aji, maganar ta mutu a nan.

Akwai ƙofofin da hannunmu zai kai. Hukumar UBEC tana samun kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma ba ta sakar wa jiha rabonta sai jihar ta ajiye daidai da shi, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Katanga da ƙyaure suna iya shiga wannan tsari, in hedimasta da kwamitin kula da makaranta sun kai buƙatar ga sakataren ilimi a rubuce kafin a rufe lissafi. Haka nan a ofisoshin 'yan sanda na yanki akwai kwamitin hulɗa da jama'a. 'Yan kasuwa suna ciki, direbobi suna ciki, masu unguwanni suna ciki. Mu tambayi kanmu, malamai nawa ne suke zama a wurin?

Mu kuma lura da abin da za mu nema. Sabuwar motar sintiri tana da kyau a hoto ranar miƙa makulli, amma mun ga wadda ta yi watanni a ajiye saboda babu mai. Abin da ke tsare yaro sau da yawa ƙarami ne: katangar da ba ta da ɓaraka, fitila mai aiki da hasken rana a bayan ɗakin kwana, maigadin da ake biya a kan kari, lambar wayar da in an kira da tsakar dare za a ɗauka, da sintiri a hanyar da yara ke bi da safe. Waɗannan za mu sa a gaba, da farashin kowanne.

Saboda haka muke roƙon kowane wakilin makaranta ya kawo wa sakataren reshe shafi guda kafin taro mai zuwa: yawan ɗalibai, na kwana ne ko na jeka-ka-dawo, tsawon katangar da ta rage, nisan ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ko akwai sabis na waya. Reshe zai haɗa su wuri ɗaya, ya kai kwafi ga sakataren ilimi da DPO da shugaban ƙaramar hukuma, a buga mana hatimin karɓa a kan namu. Bayan wata uku za mu koma mu ji inda aka kwana.